Sai na yi kwas kafin in fara? Shawara nake nema kan busar da tumatir da matan garinmu

Bintu_Kadawa:
Assalamu alaikum jama'a. Na gama bautar ƙasa watan jiya, kuma akwai abin da ya daɗe yana cin raina. Ni 'yar yankin Kadawa ce. Duk wanda ya san wajen ya san abin da ke faruwa daga Janairu zuwa Maris: kowa ya ɗebo tumatir lokaci guda, kasuwar Kwanar Gafan ta cika ta batse, kwando ya faɗi warwas, wani lokacin abin da manomi zai samu bai kai kuɗin ɗiba da na mota ba, sai a bar shi a gona ya ruɓe. Damina na kankama kuma tumatirin ya zama sai mai hali. Matan garinmu sun daɗe suna yanka shi su shanya a ƙasa, amma ƙura da tsakuwa suna ɓata shi.

So nake in haɗa mata kamar ashirin, mu yi gadajen shanya masu rufi, a busar da tsafta, a ƙulla a leda, a sayar da damina. Ba ƙungiyar agaji nake son buɗewa ba, ba kuma neman kuɗi zalla ba. So nake abin ya riƙe kansa, matan su samu, manoma su rage asara. Matsalar ita ce kimiyyar ƙananan halittu na karanta, ban taɓa sayar da ko allura ba. Yayana ya ce in yi digiri na biyu a fannin kasuwanci tukuna. Wata ƙawata ta ce in nemi irin horon da gidauniyoyi ke ba masu sana'ar taimakon al'umma. Mahaifiyata ta ce in je in zauna wurin ƙanwarta mai sayar da kayan miya. Don Allah wanne zan bi?

Ɗan_Kwari77:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, bi maganar mahaifiyarki. Ina ɗan shekara 14 aka kawo ni Kantin Kwari yaron shago. Shekara takwas ina shara, ina ɗaukar dila, ina raka baƙi tasha, kafin maigidana ya sallame ni. Abin da na koya a wurinsa ba a rubuta shi a allo: wa ake ba bashi, wa ake ba haƙuri, yaushe ake sakin kaya ko da faɗuwa don kada a kwana da su. Ke kuma kayan gwari za ki shiga. Yadi ko ya shekara a shago yadi ne, tumatir kwana uku ya yi masa yawa.

Injiniya_Sagir:
Alhaji, ban ƙi ta taka ba, amma shaguna nawa muka gani sun mutu ranar da mai su ya rasu? Na mahaifina yana ciki, Allah ya jiƙansa. Lissafin duk a kansa yake. Bayan sadakar bakwai muka zauna, ba mu san wa yake bi ba, masu binsa kuwa duk sun zo. Kuma ku lura, Bintu ba dukiyarta kaɗai za ta juya ba, gumin mata ashirin ne. Ban ce ta yi digiri na biyu ba, kuɗin makarantar ma shi ne jarinta. Amma riƙe littafin shige da fice, fitar da ainihin abin da kowace leda ta ci, raba kuɗin sana'a da na aljihu, waɗannan dole a zauna a koya.

Ummu_Hanan:
Ni dai gargaɗi zan yi. Bara na biya kuɗi masu yawa na shiga wani horo na kwana uku a wani otal. An ba mu jaka da biro da shinkafa, an yi ta haska rubutu a bango, ranar ƙarshe aka raba takardar shaida aka ɗauki hoto. Na tambayi ɗaya daga cikin masu koyarwar wace sana'a ya taɓa kafawa, sai ya ce shi mai ba da shawara ne. Har yau abin yana yi min ciwo, don kuɗin adashina ne. Kafin ki biya kowa, ki tambayi me shi ya taɓa yi da hannunsa, kuma ki nemi mutum ɗaya da ya gama horon a bara ki ji ina yake yanzu.

Auwal_Zariya:
Allah ya mayar miki da alheri, Ummu Hanan. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Bintu, ga waɗanda na sani. Gidauniyar Tony Elumelu ta fara shirinta a 2015 da alƙawarin dala miliyan 100 don mutum 10,000 cikin shekara goma, daga ƙasashen Afirka 54. Ana buɗe neman shiga a farkon Janairu ta shafinsu na TEFConnect, ba a biyan ko sisi, horon ta intanet ake yi, wanda ya tsallake a ba shi dala 5,000 jari, ba bashi ba. Akwai LEAP Africa da Ndidi Nwuneli ta kafa a Legas, suna da shiri na musamman don matasa masu irin tunaninki. An kuma yi shirin Mandela Washington da Obama ya fara a 2014, inda aka riƙa kai 'yan shekara 25 zuwa 35 da suka riga suka yi abin a zo a gani su yi mako shida a wata jami'ar Amurka. Ga SMEDAN, hukumar gwamnati mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ita ma tana shirya horo.

Abin da na fahimta bayan na cike irin waɗannan fom sau da yawa shi ne, ko inda ake karɓar mai tunani kawai, wanda ya taɓa gwadawa ya fi iya amsa tambayoyin. Za a ce miki su wa za su saya, nawa za su biya, wa ke yin irinsa yanzu. Wanda bai taɓa zuwa kasuwa ba sai dai ya ƙirƙiro, kuma masu dubawa suna ganewa.

Gaskiya_Ɗaci:
Ku gafarce ni, ni wannan abin da ake kira sana'ar taimakon al'umma ban yarda da shi ba. Ko dai kasuwanci kake ko sadaka. Yawancin waɗanda na sani a ciki, sana'arsu ta gaskiya ita ce rubuta takardar neman tallafi. Su je ƙauye su ɗauki hoton mata, su je Abuja taro, tallafi ya ƙare, su canja suna su sake nema. Matan nan suna nan yadda aka same su.

Auwal_Zariya:
Akwai irin waɗannan, ba musu. Amma me za ka ce da Babban Gona? Kola Masha ya fara ta a 2012 a nan Arewa. Ana haɗa ƙananan manoman masara rukuni-rukuni, a koya musu, a ba su iri da taki bashi, a adana musu amfanin, a nemo kasuwa. Kamfani ne, yana neman riba. Ko ColdHubs na Nnaemeka Ikegwuonu da ya fara a Owerri, ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a kasuwa, mai kayan gwari ya biya kuɗin kwana a kan kowane kiret. Wannan ba sadaka ba ce, kuma ba za ka ce bai rage wa talaka asara ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Biyu ka kawo. Waɗanda suka ɓace ba wanda ya ƙirga su.

Malam_Na_Zaure:
Bismillah. Ɗan'uwa Gaskiya, haɗa ciniki da amfanar jama'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita wakafi, kuma da dukiyar fatauci ya saya. Sai dai ina so in ƙara wa 'yata Bintu wani karatu da ba wanda ya ambata. An ruwaito Sayyidina Umar yana hana wanda bai fahimci hukunce-hukuncen addini ba yin ciniki a kasuwa. Abin da kike shirin yi cike yake da mas'aloli. In za ki ba manomi kuɗi tun kafin ɗiba, wannan shi ne salam, kuma sharaɗinsa a san awo, a san nau'i, a san lokacin kawowa, a biya kuɗin gaba ɗaya a zaman ciniki. In matan za su sa aikinsu ke ki sa kuɗi, to a yanke tun farko kashi nawa ne na kowa a cikin riba, ba a yanke adadin naira ba, kuma a san wa ke ɗaukar faɗuwa. Rigingimun da ake kawo mana zaure, mafi yawansu ba mugunta ce ta kawo su ba, rashin yin wannan magana tun farko ne. Ki sami malami a garinku ki karanta babin ciniki, ko na sati biyu ne.

Bintu_Kadawa:
Na gode Malam, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na gode kowa, ina karantawa ɗaya bayan ɗaya.

Manomi_Garun_Malam:
Ni manomin rani ne, da ruwan Tiga muke noma tun zamanin mahaifina. 'Yata, tambaya zan yi miki. Kin san kwando nawa na ɗanye ke ba da buhu ɗaya na busasshe? Tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Za ki sayi tuli, ki kwashe ɗan kaɗan. Kin san in bai bushe sarai ba kika ƙulle shi a leda, fumfuna zai yi? Kin san in ya daɗe a ajiye yana baƙi, mai saye ya ce tsoho ne ya karya kuɗin? Sannan shekara ba ta zama ɗaya. A 2016 tsutsa ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, ba wanda ya sami na sayarwa balle na shanya. In kin gina komai a kan cewa kullum zai yi araha a Fabrairu, wata shekarar za ki zauna da gadaje babu abin ɗorawa.

Ba ina kashe miki gwiwa ba ne. Ina so ki gane matan da kike cewa za ki koya wa, sun fi ki sanin tumatir. Kin zauna da su kin tambaye su me ya fi damunsu?

Bintu_Kadawa:
Baba, gaskiya ban zauna da su ba. Na ga yadda suke shanyawa ne na yanke cewa ƙura ce matsalar. Fumfuna kam fannina ne, na san yadda ake auna danshi da yadda ake hana shi. Sauran kuwa ban sani ba. In sha Allahu ranar Juma'a zan je gida.

Kabiru_Funtua:
Maganar Baba ta taɓa ni, bari in faɗi nawa. Shekara huɗu da suka wuce na sami tallafi daga wata gidauniya don sarrafa waken suya. Horon da aka ba mu mai kyau ne, ba ni da ƙorafi a kansu. Na iya rubuta tsarin kasuwanci, na iya tsayawa gaban alƙalai in yi bayani cikin minti uku. Kuɗin na shigowa na sayi inji babba, na kama haya, na buga kwali mai kyau. Ban ajiye kuɗin juyawa ba, ban kuma tabbatar da mai saye ko ɗaya ba. Wata bakwai na rufe. Samari biyar da na ɗauka aiki, har yau ina jin nauyin haɗuwa da iyayensu. An koya mana a fara da kaɗan a gwada, yana cikin darasin, na ma amsa shi daidai a jarrabawa. Amma ban taɓa asarar kuɗina a kasuwa ba, don haka maganar ba ta shiga jikina ba. Da na yi ko wata shida a hannun wani kamar yadda Alhaji Ɗan Kwari ya ce, da na ji tsoron injin nan.

Ɗan_Kwari77:
Allah ya mayar da alheri, Kabiru. Ba ka faɗi ba tunda ka gane. Wanda ya taɓa ƙonewa shi ake ba ajiyar wuta.

Hajiya_ta_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina ta jin ana kiran Legas da Amurka, na ce bari in tuna muku da abin da ke kusa da ku. A nan jihar Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE. Ba a kawo muna kuɗɗi ba. Mata ne ke haɗuwa, kamar ashirin zuwa talatin, kowane sati kowa ta zuba abin da aka yanke cikin akwati, mai buƙata ta ranta ta yi sana'a ta maido, in shekara ta kewayo a buɗe a raba. Makullan akwatin ba a hannun mace ɗaya suke ba, kuma gaban kowa ake ƙirga kuɗɗin. Daga nan tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama. Ni shekarata goma sha ɗaya a ciki, ban yi lakkwal mai nisa ba, amma yau ni ke koya ma sababbin ƙungiyoyi. Horon da aka yi muna a ƙarƙashin itace ne, da Hausa, kaɗan-kaɗan kowane sati, muna yi muna koyo. Ɗiyata Bintu, in matanki ba su saba haɗa kuɗɗi da amana a tsakaninsu ba, gadon shanya ba zai haɗa su ba.

Sadiya_BUK:
Hajiya ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Kusan duk horon da Auwal ya lissafa da Turanci ne, ta intanet, sai mai data da waya mai kyau da wutar caji. A jami'a ma an wajabta mana darasin koyon sana'a, mu ɗaruruwa a aji ɗaya, muka haddace ma'anoni muka rubuta jarrabawa. Wa ke koyar da lissafin riba da faɗuwa da Hausa? Ko sunan abin ma ba mu daidaita ba, wani ya ce kasuwancin jin ƙai, wani ya ce sana'ar taimakon al'umma.

Abu_Fatima:
Jin ƙai bai dace ba, yana sa mutane su ɗauka kyauta za a raba. Ranar da ka ce a biya sai a ce ka ci amana.

Sadiya_BUK:
Haka ne. Shi ya sa na fi son a ce sana'a kawai, a bar aikin ya nuna kansa.

Dakta_Nuhu:
Muhawarar boko ko kasuwa ta tuna min da Muhammad Yunus na Bangaladash. Malamin tattalin arziki ne a jami'ar Chittagong, da digirin digirgir daga Amurka. A 1976 ya shiga ƙauyen Jobra da ke kusa da jami'ar, ya tarar da mata masu saƙa kujerun gora suna rantar kuɗin gora a wurin dillali bisa sharaɗin shi za su sayar wa a farashin da ya ga dama. Ya ƙirga mutum 42, abin da suke buƙata gaba ɗaya dala 27 ne, ya ba su daga aljihunsa. Daga nan Bankin Grameen ya samo asali, har suka sami kyautar Nobel a 2006. Ƙauyen ne ya nuna masa matsalar, amma karatunsa ne ya sa ya mayar da ita tsari. Alhaji da Injiniya kowa ya riƙe rabin gaskiya.

Malam_Na_Zaure:
Dakta, a dai lura cewa bankin nasa da ruwa yake ba da rance. A ɗauki hikimar shiga ƙauye a saurara, a bar wancan. Muna da ƙardul hasan, wato rance ba ruwa, da musharaka, wato haɗa jari a raba riba da faɗuwa, ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin Jaiz tun 2012.

Lauya_Zainab:
Wani abin da kwas mai kyau zai koya miki, kasuwa ba za ta koya miki ba sai kin ƙone: rajista. Mutane da yawa suna jin kalmar al'umma sai su ruga CAC, hukumar rajistar kamfanoni, su yi rajistar amintattu irin ta ƙungiyoyin agaji, daga baya su gane doka ba ta yarda a raba riba a irin wannan ba. In sana'a ce, akwai rajistar sunan kasuwanci, akwai kamfani, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya kafa ƙaramin kamfani. In kuma matan ne za su mallaki abin tare, ƙungiyar gama kai ta fi dacewa, ita a ma'aikatar jiha ake yi. Sannan ranar da kika ƙulla abinci a leda da suna a jiki don shaguna, maganar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta taso. Ba yau za ki yi duk wannan ba, amma ki san da shi kafin ki buga kwali.

Bintu_Kadawa:
Assalamu alaikum, na dawo. Na kwana biyu a gida, na zauna da mata tara, Baba Manomi ya yi gaskiya. Ba wadda ta fara ambatar ƙura. Abin da suka ce shi ne sun san kuɗin yana ninkawa da damina, amma ba sa iya jira. Ana gama shanya buƙata ta taso, ga cefane, ga magani, ga biki, sai su sayar wa masu zuwa sari a lokacin da ya fi araha. Wasu ma tun kafin su shanya sun karɓi kuɗin mai sarin. Wata tsohuwa ta ce min, in kina so ki taimake mu, ki ba mu abin da za mu ci har damina, shanya mun iya. Dakta, da na tuna labarin matan Jobra sai jikina ya yi sanyi. Yanzu na rasa ma me ya kamata in koya. Ba busarwa ba ce kenan, ajiya ce da kuɗin jira.

Hajiya_ta_Maraɗi:
To kin gani. Akwatin da na gaya miki ke nan. In suna da inda za su ranta a watan Maris, ba za su saki kayansu ba.

Manomi_Garun_Malam:
Madalla. Amma kada ki jefar da maganar tsaftar, a nan karatunki zai yi aiki. Wanda za a ajiye wata huɗu dole ya bushe sosai, wurin ajiyar kuma kada ya yi danshi. Ki fara da buhu biyar bana ki ga yadda zai kai Yuli.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni har yanzu ina kan bakana game da masu neman tallafi. Amma wadda ta je ta kwana biyu tana sauraro, ba da ita nake ba. Abin da zan ce, ki shirya wa masu sarin nan. Abincinsu za ki taɓa, kuma wasunsu 'yan uwan matan ne.

Injiniya_Sagir:
Yanzu ma lissafi ya fi zama dole, don kuɗin mutane za a riƙe watanni. Ni ina ganin ki je wurin innarki da safe, da dare ki yi darasin lissafin kasuwanci ko a waya ne, Janairu na zuwa ki cike fom ɗin da Auwal ya faɗa da alƙaluman buhu biyar ɗinki na gaske.

Ɗan_Kwari77:
Fom ɗin ba zai gudu ba. Ni da za ta ji tawa, ta yi kaka biyu tukuna kafin ta karɓi kuɗin kowa.

Kabiru_Funtua:
Ina bayan Alhaji a wannan.

Auwal_Zariya:
Kaka biyu ya yi yawa. Horon kansa kyauta ne, ko ba a ba ta jari ba ta ƙaru.

Bintu_Kadawa:
Na gode, zan yi shawara da yayana kan digirin, don shi har yanzu yana kan ra'ayinsa. Hajiya, don Allah in ba damuwa, yaya kuke yi in wata ta ranta ta kasa mayarwa a kan lokaci? Kuma littafin akwatin, wa ke rubutawa in babu mai boko a cikin ƙungiyar? Biyu daga cikin matanmu sun iya ajami sosai.